Sharhi kan bikin karrama Joni Mitchell da lambar Gershwin

Ranar 1 ga Maris 2023 ne Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya tara mawaƙa a zauren DAR Constitution Hall da ke Washington domin miƙa wa mawaƙiya kuma marubuciyar waƙa Joni Mitchell lambar yabo ta Gershwin, wadda tun 2007 ake bai wa marubutan waƙa da suka daɗe suna hidima ga sana'ar. Tashar PBS ta nuna bikin a ƙarshen watan, kuma a ganina ya cancanci kallo, ko da yake ba kowane ɓangarensa ne ya yi armashi ba.

Tsarin bikin shi ne wasu mawaƙa su rera waƙoƙinta tana zaune tana saurare, kuma a nan wahalar take, domin waƙoƙin wannan baiwar Allah 'yar ƙasar Kanada ba sa aruwa cikin sauƙi. Cutar shan inna da ta kama ta tana 'yar shekara 9 ta raunana mata hannun hagu, abin da ya sa ta riƙa ɗaure tsirkiyoyin jita ta hanyoyin da suka saɓa wa na kowa, har karin waƙoƙinta ya fita daban. Annie Lennox ta fahimci haka sarai, ta rera "Both Sides Now" a natse, ta bar kalmomin suka yi aikinsu. Herbie Hancock, wanda kundinsa na waƙoƙin Mitchell ya lashe babbar lambar Grammy a 2008, ya kaɗa fiyano kamar mai hira da tsohuwar aminiya. Angélique Kidjo ta Jamhuriyar Benin ma ta zo da kuzarin da ya motsa zauren.

Inda na ga rauni shi ne lokacin da mawaƙa da yawa suka taru kan waƙa ɗaya, muryoyi suka cakuɗe, baitocin da aka taru domin girmamawa suka nutse cikin shewa.

Abin da ya fi ratsa ni shi ne hawan Mitchell kan dandamali. A 2015 jijiyar jini ta fashe mata a ƙwaƙwalwa, sai da ta sake koyon tafiya, amma ga ta tana da shekara 79 ta rera "Summertime" ta mai tsara kiɗa George Gershwin, wanda lambar ke ɗauke da sunansa shi da ɗan'uwansa Ira. Muryarta ta yi kauri, ta sauka ƙasa da yadda aka san ta a shekarun 1970, tana jan kowane baiti a hankali irin na mawaƙan jaz. Wanda lokacinsa ya yi kaɗan, ya fara da wannan ɓangaren.