Kundin tambayoyin tirigonometiri, da'ira da aljabara: yadda na same shi a aji

Duk malamin da ya daɗe yana koyar da lissafi a manyan azuzuwan sakandare ya san ɗalibi kan gyaɗa kai ya ce ya gane, amma da zarar an ajiye masa takarda shi kaɗai sai biro ya tsaya cak. Abin da ya sa ke nan na karɓi wani kundin tambayoyin gwaji daga hannun wata abokiyar aikina, na riƙa auna ɗalibaina da shi. Fanni uku ya ƙunsa: tirigonometiri, wato lissafin kusurwoyi da gefunan alwatika, sai ƙa'idojin da'ira, sai aljabara. Kayan aiki ne na gaske a hannun malami. Ɗalibin da zai zauna da shi ba mai duba masa kuwa zai sha wuya, kuma rabin wuyar laifin kundin ne.

Sashen aljabara ba shi da wani abin mamaki. Buɗe baka, tattara makamanta, warware lissafi mai harafi biyu, da lissafin da x ke da ƙarfi biyu, duk an jera su daga sauƙi zuwa tsauri yadda ya kamata. Na ji daɗin ganin x² + 10x = 39 a ciki, domin misalin da masanin lissafi al-Khwarizmi ya warware ne a littafinsa na aljabara da ya rubuta a Bagadaza wajen shekarar 820. An buƙaci ɗalibi ya bi ta hanyar cike murabba'i: ya ƙara 25 a kowane ɓangare, ya samu (x + 5)² = 64, daga nan x ya fito 3 ko −13. Ɗalibai da yawa sun tsaya a 3, sun manta 64 na da saiwa biyu. Akwai kuma x² = 5x, wadda ta kama har masu ƙoƙarin ajin, saboda sun raba kowane ɓangare da x, amsar sifiri ta salwanta ba su sani ba.

A tirigonometiri ne kundin ya nuna ƙarfinsa. Tambayoyin farko na ɗumama hannu ne: mutum yana tsaye mita 60 daga gindin hasumiya, yana hangen ƙololuwarta a kusurwar digiri 30, nawa ne tsayinta? Amsa wajen mita 34.6. Ko a nan ma na kama wani abu. Wata ɗaliba ta kawo mini amsa mai alamar ragi, tana rantsuwa cewa abin da kalkuleta ta ba ta ke nan. Da na ce ta danna sin 30, sai −0.988 ya fito maimakon 0.5. Na'urar tana kan radiyan ne, wato wani ma'aunin kusurwa daban, ba digiri ba. Abin da ya dame ni shi ne ta rubuta tsayin gini ƙasa da sifiri, zuciyarta ba ta ce mata komai ba. Tun daga ranar na sa doka: kafin a taɓa kalkuleta, kowa ya rubuta ƙiyasin amsarsa a gefen takarda.

Amma tambayar da ta fi kowace biyana ita ce wannan: a nemo duk ƙimar x tsakanin digiri 0 da 360 idan 2cos²x + 3sin x − 3 = 0. A nan ne gizo ke saƙar. Dole ɗalibi ya tuna sin²x + cos²x = 1, ya musanya cos²x da 1 − sin²x, ya gyara alamomi har ya iso 2sin²x − 3sin x + 1 = 0. Daga nan aikin ya koma aljabara zalla, sin x ya zama 1 ko rabi. Sannan ya dawo tirigonometiri ya tuna cewa kusurwa biyu ke ba da rabi, 30 da 150, ban da 90 da ke ba da 1. Da na baje takardun ina dubawa, sai na ga kowane ɗalibi ya faɗi ne a matakinsa. Wani bai tuna ƙa'idar farko ba sam. Wasu sun tuna, amma alamar ragi ta juye musu wajen buɗe baka. Mafi yawa sun kai ƙarshe sun bar 150 a baya. Jimlar maki ba za ta taɓa gaya mini wannan ba, sai tambayar da aka gina hawa-hawa irin wannan. Kuma ta tabbatar mini da abin da na daɗe ina zargi, cewa yawancin masu cewa tirigonometiri ya gagare su, aljabararsu ce ke da rauni. Na ajiye kusurwoyi gefe na koma da su buɗe baka da alamomi, kuma aikinsu a tirigonometirin ya gyaru a bayyane.

Akwai wasu 'yan tambayoyi na "gaskiya ne ko kuskure, kawo hujja" da na so a ce sun fi haka yawa. Ɗaya ta ce: shin sin(A + B) daidai yake da sin A + sin B? Wanda ya gwada da 30 da 60 zai ga ɓangare ɗaya ya ba da 1, ɗayan ya ba da wajen 1.37, alhali sin ba ya taɓa wuce 1. Ɗalibin da ya gano haka da hannunsa ba ya sake wannan kuskuren.

Sashen da'ira ya tattaro ƙa'idojin da aka sani tun zamanin Yuklid, masanin lissafi na Girkawa, wanda ya tsara su a kashi na uku na littafinsa wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa: kusurwar da ke cibiya ninki biyu ce ta wadda ke bakin da'ira in suna kan baka ɗaya, kusurwar da ke cikin rabin da'ira digiri 90 ce, layin da ya shafi da'ira a ɗigo ɗaya yana yin digiri 90 da radiyos (layin da ya taso daga cibiya zuwa wannan ɗigon), kuma siffa mai gefe huɗu da dukkan tsinayenta ke taɓa bakin da'ira, kusurwoyinta masu fuskantar juna suna haɗuwa su ba da 180. Abin yabo shi ne kowace tambaya tana neman dalili a gefen amsa, kuma an ware wa dalilin makinsa. An kuma cusa aljabara a ciki, kamar inda aka ba da kusurwoyi biyu masu fuskantar juna a matsayin 3x + 10 da 2x + 20, x ya fito 30, kusurwoyin su zama 100 da 80.

Sai dai zane-zanen sun rage wa sashen daraja. An zana yawancinsu daidai da ainihin ma'auni, don haka yaro mai wayo sai ya ɗora ma'aunin kusurwa a kan takarda ya karanto amsa, sannan ya laƙaba mata duk ƙa'idar da ta zo masa a ka. Ban da haka, kusan kullum cibiya na ƙasa, kusurwar bakin da'ira na sama, tamkar yadda ake zanawa a allo ranar farko. Da na juya zane ɗaya na kife shi, ɗaliban da suka ci tambayar jiya suka kasa gane ita ce. Surar zanen suka haddace. Kundin da aka yi don auna fahimta bai kamata ya bar wannan ƙofar a buɗe ba.

Babban ƙorafina yana kan shafukan amsoshi. Lamba kawai ake ba ka, babu matakai, babu ko ishara ga ƙa'idar da aka bi. Malami zai iya cike giɓin, amma ɗalibin da ke bita da dare shi kaɗai, in amsarsa ta saɓa, ba shi da hanyar sanin ko a layin farko ya kauce ko a na ƙarshe. Irin wannan ne ke sa yaro ya rufe littafi ya yanke wa kansa hukuncin cewa ba shi da kan lissafi, kuma wannan yana ci mini rai ƙwarai. Har ma na tarar da amsar da ba ta cika ba. An ba da alwatika mai kusurwar A digiri 40, gefen a santimita 7, gefen b santimita 10, aka ce a nemo kusurwar B. Ƙa'idar sin ta ba da sin B wajen 0.918, abin da ke nufin B na iya zama 66.7 ko 113.3, kuma dukansu suna yiwuwa tunda 113.3 da 40 ba su kai 180 ba. Kundin 66.7 kaɗai ya rubuta. Wani ɗalibina da ya samo duka biyun ya soke ta biyu da ya duba baya, saboda ya fi yarda da bugaggen shafi a kan aikin hannunsa. Sai da na zauna da shi muka zana alwatika biyun da kamfas, ya gani da idonsa, kafin ya yarda shi ne mai gaskiya.

Ba a kuma nuna lokacin da ya dace a kashe wa kowace tambaya ba, ga shi saurin aiki na cikin abin da jarrabawa ke aunawa.

Yanzu ga yadda nake amfani da shi. Nakan cire shafukan amsoshi in riƙe a wurina. Nakan zaɓi tambayoyi kaɗan masu haɗa fanni biyu ko uku, in sake zana da'irorin da hannuna a karkace ba bisa ma'auni ba, sannan in duba matakai layi-layi ina rubuta wa kowa inda ya fara kaucewa. Iyayen da suka tambaye ni ko su nema wa 'ya'yansu kundin, nakan ce su nema, da sharaɗin akwai wanda zai riƙa zama da yaron yana bin aikinsa mataki-mataki, ko malami ne ko yayansa da ya riga ya wuce wannan ajin.