Ƙaramin injin ƙyanƙyasar ƙwai mai ɗaukar 64: ra'ayin tsohon soja da ya koma kiwon zabi

Injin da zan yi sharhi a kansa shi ne ƙaramin nan na roba, ƙirar ƙasar Sin, mai ɗaukar ƙwan kaza 64, wanda yake aiki da wutar lantarki ta gida, yake kuma aiki da batir mai bolt 12 idan an ɗauke wuta. Ya cika shagunan kayan kiwon kaji a Kano da Kaduna da Zariya, kuma sunan da ke jikin kwalinsa yakan bambanta daga shago zuwa shago, amma da zarar an buɗe murfi abu ɗaya ne a ciki: fanka, da wayar dumama iska, da sandunan roba masu juya ƙwai, da kwarin zuba ruwa a ƙasa, da ɗan allo mai nuna zafi da danshi. Hukuncina a kansa shi ne ya ci kuɗinsa ga mutumin da yake da batir mai lafiya da kuma lokacin zama kusa da shi. Wanda ya rasa ɗaya daga cikin biyun nan, kaza mai kwanci ta fi masa rufin asiri.

Ya kamata mai karatu ya san wanda yake wannan magana, domin abin da na yaba a jikin injin yana da alaƙa da irin zaman da nake yi. Na shiga soja ta makarantar horas da kurata da ke Zariya, na je Laberiya a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, daga baya aka tura mu yankin Darfur na Sudan, sannan na ajiye kaki bayan cika shekara 35 da doka ta tanada. Kafin a sallame mu an kai mu cibiyar da ke Oshodi a Legas, inda ake koya wa sojoji masu shirin ritaya sana'o'in hannu na tsawon wata shida, kuma a can na zaɓi sashen kiwon kaji, ba don wata tsohuwar sha'awa ba, sai don na ga abu ne da za a iya yi a bayan gida ba tare da jari mai yawa ba. Abin da ba a koyarwa a kowace cibiya shi ne yadda mutum zai yi da yininsa. Jikin da ya saba da fareti yana tashi tun kafin kiran assalatu ko da babu mai busa bigila, kuma bayan an idar da sallar asuba sai ka tarar da rana guda cur a gabanka babu wanda ya ba ka umarnin abin da za ka yi da ita. Da yawa daga cikin 'yan mazan jiya majalisa ce take cinye musu wannan lokaci, inda hira ba ta wuce ko fansho ya shigo, da yaushe za a sake tantancewa, da wane ne ya riga mu gidan gaskiya a wannan watan. Ina zuwa majalisar har gobe, amma na nemi abin da zai riƙa tayar da ni daga kan benci.

Zabi na zaɓa saboda sun fi kajin gidan gona jure wahala, suna kiwo da kansu, kuma kasuwarsu ba ta mutuwa. Matsalarsu ɗaya ce, wadda duk mai kiwo ya sani: zabuwa tana zuba ƙwai sosai da damina, amma takan ɓoye shi a cikin ciyawa, kuma ba a dogara da ita wajen kwanci da renon 'ya'ya. Shi ya sa tun kaka da kakanni ake sa wa kaza ƙwan zabi. Sai dai kaza ɗaya da wuya ta rufe fiye da ƙwai 15 yadda ya kamata, kuma ba ranar da kake so take yin kwanci ba. Wannan giɓin ne injin yake cikewa, tun da ƙwan zabi bai kai na kaza girma ba, ana iya matse sandunan a jera fiye da adadin da aka rubuta a kwali.

Zan fara da abin da ya yi daidai. Juya ƙwai da kansa shi ne babban alherinsa. Kusan duk bayan awa biyu sai ka ji ɗan ƙugin mota, sandunan su mirgina a hankali, kowane ƙwai ya sauya kwanciya, kuma wannan yana hana ɗan tayin mannewa a jikin ɓawo. Fankarsa tana raba zafi daidai gwargwado, ko da yake ƙwan da ke kusurwa yakan ɗan makara wajen fashewa, don haka nakan sauya musu wuri lokaci-lokaci. Komawarsa kan batir idan an ɗauke wuta ba ta da gargada, ko allon ba ya ƙiftawa. Murfinsa kuma garai-garai yake, ana ganin ciki ba sai an buɗe ba, abin da ya yi mini maganin jikoki, waɗanda suke zagaye shi suna tambayar, “Baba Soja, yau za su fito?” tun daga ranar da aka zuba ƙwai.

Mai shagon da na saya a wurinsa ya ce mini, “Ranka ya daɗe, zuba kawai za ka yi ka tafi harkarka, cikin goma tara za su fito.” Wannan magana ce ta ɗan kasuwa, kuma ita ce take sa mutane da yawa su jefar da injin a ɗakin shirgi bayan zubi na farko. Ƙwan kaza yana buƙatar kwana 21, na zabi kwana 26 zuwa 28, na talo-talo 28, na agwagwar gida kuwa har 35, kuma a duk tsawon wannan lokaci ana son zafi ya tsaya tsakanin digiri 37.5 da 37.8. Injin yana iya ƙara zafi, amma ba shi da hanyar rage shi. A ƙasashe masu sanyi wannan ba abin damuwa ba ne, amma a nan, a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin ɗaki mai rufin kwano yake haura digiri 40 da tsakar rana, injin sai ya kashe wayar dumamarsa ya yi ta ƙarar gargaɗi, alhali ƙwai yana dahuwa a ciki. Sanyi na ɗan lokaci yakan jinkirta ƙyanƙyasa ne kawai, amma zafin da ya wuce kima yana kashe ɗan tayi cikin sa'o'i kaɗan. Takardar bayanin da ta zo da shi, wadda aka rubuta da wani irin Turanci mai wuyar ganewa, ba ta ce uffan a kan wannan ba. Wurin da ya karɓe shi a gidana shi ne tsohon ɗakin ƙasa mai rufin azara da ke bayan gida, inda nake ajiye shi a ƙasa kusa da randa, nesa da taga.

Danshi ma haka yake, yana bin yanayin shekara. Ana son ya kasance wajen kashi 50 zuwa 55 cikin ɗari a yawancin kwanakin, sannan a ɗaga shi zuwa 65 ko 70 a kwana uku na ƙarshe, lokacin da ake tsayar da juyi, a cire sandunan, a bar ƙwai a kwance. Da hunturu iska takan bushe ƙwarai, ruwan da ke kwarin ƙasa ya ƙafe kafin gari ya waye, har sai an ƙara da soso mai tsabta da aka jiƙa da ruwan ɗumi. A watan Agusta kuwa akasin haka ne, domin iskar da kanta a jiƙe take, kuma wanda ya cika kwarin da ruwa kamar yadda takarda ta ce zai tarar da 'yan tsaki sun cika ɓawo sun mutu ba su iya fasawa ba. Allon da ke jikin injin ba abin dogaro ba ne ɗari bisa ɗari. Da na gwada nawa da ma'aunin zafi na asibiti, irin wanda ake saye a kemis, sai na ga akwai bambanci na kusan rabin digiri, kuma a wannan aiki rabin digiri ba ƙaramin abu ba ne. Akwai madannin gyara lissafin, amma sai an yi ta lalube kafin a gano shi.

A nan ne tarbiyyar bariki ta yi mini rana. Na ɗauki littafi na ja masa layi irin na rajistar masu gadi, ina rubuta zafi da danshi bayan kowace sallar farilla, da lokacin da aka ɗauke wuta da lokacin da ta dawo. A kwana na bakwai zuwa na goma nakan kashe fitila da daddare in haska kowane ƙwai da tocila. Ɓawon ƙwan zabi yana da kauri da ɗigo-ɗigo, don haka ɗan hasken da ke jikin injin ba ya ratsa shi, sai an sami tocila mai ƙarfi an naɗe bakinta da hannu. Mai rai za ka ga jijiyoyi ja sun bazu daga wani ɗan baƙin ɗigo da ke motsi, wanda babu komai a cikinsa kuwa haske yake wucewa fayau. Irin wannan a fitar da shi nan take, domin idan baragurbi ya fashe a cikin injin, warinsa da ƙwayoyin cutarsa za su shafi sauran. Uwargida takan ce ko lokacin da nake samanja ban riƙe kurata da irin wannan tsanani ba, kuma ban musa mata ba.

Maganar wuta ita ce take raba mai riba da mai asara. An rubuta a jikin nawa cewa yana jan wat 80, ko da yake ba kullum wayar dumamar take kunne ba. Batirin babur ba zai kai ko'ina ba, na mota kuma ba a yi shi don a riƙa zuƙe shi har ƙasa ba, yakan mutu da wuri. Abin da ya dace shi ne batirin sola da faranti ɗaya da zai cika shi da rana, kuma kuɗin waɗannan biyun ya fi na injin kansa. Mai shago ba zai faɗa maka haka ba sai ka tambaya. Duk wanda zai yi lissafin sayen wannan inji daga kuɗin giratuti ko fansho, to ya haɗa da batir da faranti da wayoyi tun farko, ya kuma tuna cewa farashin yana tafiya ne da canjin dala, don haka abin da maƙwabcinsa ya biya bara ba shi ne na bana ba. Wayoyin maƙale batir da suka zo da shi sirara ne, suna ɗaukar zafi, na sa mai gyaran lantarki ya canza mini su da masu kauri. Farin soson da aka naɗe injin da shi a kwali kuma kada a yar, domin da hunturu mayar da shi ake yi a jikinsa, yana riƙe zafi, batir ya ƙara daɗewa.

Sakamakon da na samu ya danganta ne da inda ƙwai ya fito fiye da komai. Wanda na tara daga zabin gida, ban wanke shi ba, na ajiye shi tsininsa a ƙasa, bai kuma wuce mako guda ba kafin zubi, kusan kashi biyu cikin uku yake fitowa, wani lokaci ya ɗan ɗara. Wanda aka sayo a kasuwar ƙauye da ƙyar yake kai rabi, saboda ba a san kwanansa ba, ya sha girgiza a bayan babur, kuma masu talla sukan tsoma shi a ruwa don gwada mai kyau, alhali jiƙawar nan tana wanke kariyar da ke jikin ɓawo. Ƙwan farkon damina ma sau da yawa babu zakara a cikinsa. Ba laifin inji ba ne a nan, amma shi ake zagi.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da suka rage masa daraja. Ƙarar gargaɗinsa tana da tsini, kuma tana tashi ko da ruwa ne ya ɗan ragu da tsakar dare. Na san abokan aikina da suka dawo daga fagen fama ba sa jure ƙarar ba-zata a cikin barci, irin waɗannan gara su kashe ta tun ranar farko, ko su nisanta injin da ɗakin kwana. Robar jikinsa ba ta da kauri, maƙallan murfin suna iya karyewa idan yaro ya ja da ƙarfi. Wanke shi bayan ƙyanƙyasa aiki ne, saboda gashin 'yan tsaki yana shiga cikin fanka, sai an bi da tsohon buroshin haƙori. Babu takardar garanti, kuma kayan gyaransa, musamman motar juyi da ɗan wayar da ke auna zafi, ba kowane shago yake ajiye su ba, don haka a tambaya kafin a biya.

Injin yana gama aikinsa ne a ranar da 'ya'yan zabi suka bushe, alhali a nan wahalar mai kiwo take farawa, tun da babu uwar da za ta rufe su. Suna buƙatar ɗumi na wajen digiri 32 zuwa 35 a makon farko, kuma sanyi da jiƙa suna kashe su fiye da yadda suke kashe 'yan tsakin kaza. Ina amfani da kwali mai faɗi da kaskon gawayi da aka rufe da raga, a ɗakin da iska take shiga, sannan ina zuba tsakuwa a cikin mazubin ruwansu don kada su faɗa su nutse. Gara tana taimaka musu ƙwarai a kan abincin 'yan tsaki na buhu. Rigakafin annobar kaji da likitocin dabbobi suke kira Newcastle, wadda take share akurki musamman da hunturu, ba abin wasa ba ne, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu yin maganin, ana samunsa a wurin likitocin dabbobi, da sharaɗin ya kasance an ajiye shi cikin sanyi.

Akwai manyan injuna masu ɗaukar ɗaruruwan ƙwai, kuma wasu daga cikin abokan majalisa sun ba ni shawarar in sayi irinsu tun da hannuna ya faɗa. Ban ga dalili ba tukuna. Mai ɗaukar 64 ya yi daidai da yawan ƙwan da zabin gida ɗaya suke zubawa a mako, ya yi daidai da batir ɗaya, kuma idan zubi ya lalace asarar ba ta karya mai fansho. Yanzu maƙwabta suna kawo nasu ƙwan in zuba musu mu raba abin da ya fito, kuma sharaɗina a kansu shi ne kowa ya rubuta ranar da aka yi ƙwan da fensir a jikin ɓawo kafin ya kawo.