Batman na 1966 ko Hulk na 1978: wanne za ka fara nema?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce kewar shirye-shiryen jarumai na da ta taso maka, irin waɗanda aka yi wa talabijin kafin kwamfuta ta karɓe aikin. Kana so ka nemo ɗaya ku zauna da yara ku kalla, amma ka rasa na ɗauka tsakanin Batman na Adam West da Hulk na Lou Ferrigno, sannan kana son jin wanne ya fi. Tambaya biyu ka haɗa, kuma amsarsu ba ɗaya ba ce. In don yara ne 'yan firamare, ɗauki Batman. In kuwa wanda ya fi kake tambaya, a wurina Hulk ne, kuma ratar ba kaɗan ba ce.

Ka fara sanin cewa ba sa'o'in juna ba ne. Batman ya fara fita a tashar ABC ta Amurka ranar 12 ga Janairu 1966, ya tsaya a watan Maris 1968. Zango uku ya yi, kashi 120, kowanne rabin awa. Hulk sai bayan kusan shekara goma: an fara da fim ɗin gwaji a tashar CBS a Nuwamba 1977, shirin ya kankama a Maris 1978, ya kai 1982 da zango biyar, kashi 80, kowanne awa guda in an haɗa da talla. Abin da ya haɗa su shi ne duka biyun an danƙa su ne a hannun mutanen da ba su ɗauki littattafan zane-zanen jarumai da wani muhimmanci ba. Abin da kowannensu ya yi da wannan raini, nan hanya ta rabu.

William Dozier, wanda ya shirya Batman, da ya karanta littattafan sai ya yanke cewa babba ba zai kalli wannan labari da gaske ba, sai dai a zuzuta komai har ya zama abin dariya, amma 'yan wasan su ɗaure fuska kamar maganar rai da mutuwa ake. Haka aka yi. Kwamishinan 'yan sanda zai ɗaga jar waya ya kira, attajiri Bruce Wayne, wato Batman, ya ɗage kan wani gunki da ke kan teburinsa ya murɗa makunni, kantar littattafai ta zame gefe, shi da yaronsa Robin su sulale ta sandunan ƙarfe, kafin su dira a kogo sun riga sun shiga kayan aiki. A zango biyu na farko sau biyu ake nuna shi a mako, Laraba da Alhamis. Ranar Laraba a bar su ɗaure a cikin wani tarko, wuƙar inji na matsowa ko ruwa na tasowa, Dozier da kansa ya sa murya yana tambaya ko sun tsira, ya ce a dawo gobe. Ranar Alhamis su kuɓuta, yawanci da wani abu da Batman ya zaro daga ɗamararsa.

Akwai abubuwa biyu da nake so ka lura da su in ka zo kallo. Na farko hawan bango. Za ka ga su biyun sun kama igiya suna hawa dogon bene suna hira, can sai taga ta buɗe, wani sanannen ɗan wasa ko mawaƙi ya leƙo su gaisa. Ba hawa suke ba. A ƙasa aka shimfiɗa bangon, aka kwantar da kyamara a gefe, suna tafiya a duƙe, aka ja alkyabbarsu ta miƙe don ta yi kamar tana rataye. Na biyu fuskar Joker. Cesar Romero, wanda ya fito a matsayin wannan bos, ya ƙi aske gashin bakinsa, sai aka shafe shi da farar hoda, kuma in kyamara ta matso kana ganinsa sarai a ƙarƙashin kwalliyar. Ba wanda ya damu ya ɓoye, domin shirin bai taɓa neman ka yarda da shi ba. So yake ka ji daɗi kawai.

Ƙarfin Batman a bosawansa yake. Frank Gorshin a matsayin Riddler da dariyarsa mai kama da ta taɓaɓɓe, Burgess Meredith a matsayin Penguin da lemarsa, Julie Newmar a matsayin Catwoman, daga baya Eartha Kitt ta karɓe ta. Su ne ke motsa labarin, jarumin kuwa tsayayye ne, ba ya canzawa daga kashin farko har na ƙarshe. Motar ma kusan ɗan wasa ce: George Barris ne ya ƙera ta daga wata Lincoln Futura ta gwaji ta 1955, kuma a 2013 an yi gwanjonta a kan sama da dala miliyan 4. Masoya Bruce Lee su nemi kashi biyu na 1967 inda ya shigo a matsayin Kato ya kara da Robin, aka tashi ba wanda ya yi nasara, hukuncin da har gobe ban yarda da shi ba.

Don yara kuwa ba ka da fargaba sosai. Ba jini. In naushi ya sauka sai wata kalma ta cika allo da manyan haruffa masu launi, shi ke nan. Batman na tsayawa tsakiyar aiki ya tuna wa Robin ya ɗaura bel a mota ko ya yi aikin makaranta, kuma a kashin farko da ya shiga gidan rawa lemo ya nema. Abin da kawai za ka duba shi ne shigar matan, musamman Catwoman, matsattsiya ce. Zango na uku kuma ya yi rauni: an koma sau ɗaya a mako, an rage kuɗi har wasu wuraren baƙin labule ne kawai a baya, shigo da Batgirl bai ceci shirin ba.

To, Hulk. Kenneth Johnson, wanda ya shirya shi, da farko ƙin aikin ya so yi. Lokacin yana karanta littafin Les Misérables na Victor Hugo, labarin mutumin da ake farauta shekara da shekaru, sai ya ga zai iya ɗaukar dodon ya ba da irin wannan labari. Ya sauya sunan jarumin daga Bruce ya koma David Banner. Ya zubar da bosawa masu kayan ado gaba ɗaya. Ya hana dodon magana. Ya rage masa ƙarfi har harsashi na iya ji masa ciwo. Har launinsa ya so mayarwa ja, Stan Lee, ɗaya daga waɗanda suka ƙirƙiro Hulk, ya ce bai yarda ba.

Dubi yadda labarin ya fara. David likita ne mai bincike. Sun yi haɗarin mota da matarsa, an wurgo shi waje, motar ta kama da wuta, ya yi iya ƙoƙarinsa ya kasa ciro ta. Daga nan ya shiga bin mutanen da a irin wannan hali ƙarfi ya zo musu suka ceci nasu, yana neman sanin me suke da shi da shi bai samu ba. Wannan neman ne ya kai shi ga haska wa kansa hasken gamma fiye da ƙima, abin da ya sa yake rikiɗa ya zama dodo in ya fusata. Ka ga tun daga tushe ba neman zama jarumi ya fita ba, baƙin ciki da zargin kai ne suka ja shi. A ƙarshen fim ɗin farko ɗakin gwaje-gwaje ya ƙone, abokiyar aikinsa ta mutu, ɗan jarida Jack McGee ya ga dodon ɗauke da ita ya buga cewa shi ya kashe ta har da David ɗin. David, da ransa, ya tsaya a bakin kabarin da aka rubuta sunansa, ya juya ya kama hanya.

Daga nan kowane mako gari sabo, suna sabo, aiki sabo, kamar ɗan ci-ranin da ba shi da ranar komawa gida. Yau yana wanke-wanke a gidan abinci, gobe lebura ne, jibi mai ban ruwan fulawa a makaranta. A kowane wuri sai ya tarar da wani da ake zalunta, ya kasa kau da kai. Bill Bixby, wanda ya fito a matsayin David, shi ne ya riƙe wannan shiri, ba Ferrigno ba, duk da dodon ne yara ke jira. Kalli fuskarsa lokacin da 'yan daba suka tare shi. Ba tsoronsu yake ji ba. Roƙonsu yake su bari, don ya san abin da zai biyo baya. Sai a jefa shi rami ko a kulle shi a ɗaki, tura ta kai bango, ya ɗago kai ƙwayar idonsa ta koma fara. Riga ta tsage ta baya, takalmi ya fashe. Bayan an gama ɓarin, ka same shi a bakin rafi ko bayan wani gini, ba riga, yana rawar ɗari, bai san me ya aikata ba, abin da ya fara damunsa shi ne ko ya ji wa wani ciwo. Kafin McGee ya iso ya rataya jaka ya fita titi yana neman a rage masa hanya, fiyanon Joe Harnell na tashi a hankali. Shirin jarumi ne da kusan kowane kashi ke ƙarewa ba da murna ba, kuma ban san wani na zamaninsa da ya yi wannan ƙarfin hali ba.

Shi ya sa ya iya taɓa abubuwan da Batman ba zai kusanta ba. Akwai kashin yaron da mahaifinsa ke jibga, akwai na yarinyar da giya ta kama. Zango na biyu ya buɗe da labarin auren David da wata likita a Hawai, wadda ita ma ke ɗauke da cutar ajali, kuma Mariette Hartley ta ci lambar yabo ta Emmy a 1979 da wannan wasa. A 1981 an yi wani mai kashi biyu inda ya gano wani dattijo da irin lalurarsa ta taɓa samu, maganin ya zo hannu, sai ya tarwatse a gabansa. A nan za ka ga dodon da kansa yana kuka. Ferrigno, wanda ya rasa mafi yawan jinsa tun yana ƙarami kuma ya ci gasar Mista Universe a 1973 da 1974, ya nuna a wurin cewa ba ƙwanji kaɗai aka ɗauko ba.

Ba zan ɓoye maka aibinsa ba. Tsarin ɗaya ne kullum: rikiɗa biyu a kowane kashi, ɗaya wajen tsakiya, ɗaya dab da ƙarshe, har kana iya duba agogo ka ce yanzu. Hular gashin dodon ba ta da kyau. Duwatsun da yake jifa kana ganin ba su da nauyi, an dai rage gudun hoto ne don su yi kamar suna da shi. Koren fentin da ake ɗaukar awanni ana shafa masa yakan goge a jikin abin da ya taɓa. Yaran da suka saba da Hulk na kwamfuta mai tsallake bene za su ga wannan mutum ne kawai mai ƙaton jiki, kuma tsakanin rikiɗa da rikiɗa hira ce mai tsawo wadda za ta gundure su. Ƙananan kuma abin na iya firgita su. Ko a Amurka sai da Fred Rogers, mai shirin yara, ya je wurin ɗaukar, ya nuna musu a shirinsa a 1980 yadda ake yi wa Ferrigno kwalliya don hankalinsu ya kwanta.

Akwai wani bambanci da ya shafi irinmu da muka taso da talabijin marar launi da Turancin da bai nuna ba. Batman an gina shi ne a kan launi da wasa da kalmomi. Kacici-kacicin Riddler, zaurancen Catwoman, ɗaurewar fuskar Adam West yana faɗin abin da ba shi da kan gado, duk sai mai jin Turanci sosai ke cin moriyarsu. Cire launi, cire harshe, saura faɗa da mota. Hulk kuwa ko ka kashe murya za ka gane: ga mutumin kirki, ga azzalumai, ga abin da fushi ya jawo, ga shi ya sake rasa wurin zama. Saboda haka kada ka yi mamaki in ka koma Batman yanzu ka ji kamar sabon shiri kake kallo, kana dariya a wuraren da da kake riƙe numfashi. Hulk in ka koma masa labarin da ka sani ne, sai dai nauyinsa ya ƙaru, don yanzu ka san mene ne mutum ya haɗiye fushi saboda gudun abin da zai biyo baya.

Ga yadda zan ba ka shawara ka tsara. Da yara, ka fara da zangon farko na Batman, kuma ka yi musu yadda aka yi wa yaran 1966: kashi ɗaya yau, ka kashe a daidai tarkon, su kwana suna gardamar yadda za a kuɓuta, gobe a ƙarasa. In suka haɗiye biyun a zama ɗaya rabin daɗin ya tafi. In sun so, akwai fim ɗin sinima na 1966 mai bosawa huɗu a haɗe. Hulk ka bar wa kanka da waɗanda suka shiga sakandare, kuma lallai ka fara da fim ɗin 1977, don in ba ka ga haɗarin motar ba sauran ba zai kama ka ba. CBS ta tsayar da shirin ba tare da an rufe labarin ba, sai NBC ta yi finafinai uku a 1988 da 1989 da 1990. Na farko da na biyu sun cusa wasu jaruman zane-zane, Thor da Daredevil, sun kauce daga abin da Johnson ya gina, kana iya tsallake su. Na 1990 shi ne na mutuwar David, kuma shi ne fitowar Bixby ta ƙarshe a wannan matsayi kafin rasuwarsa a 1993. Wannan ka ajiye shi sai ka gama zango biyar ɗin.