Babbar kyamara ko ta aljihu: abin da na gani a Canon 600D da Sony RX100

Ƙanina ne ya jawo wannan rubutu. Matarsa ta kusa haihuwa, ya tara 'yan kuɗinsa, ya kira ni bayan isha'i: "Yaya, kai da ka san harkar hoto, wacce zan saya? Irin babbar nan taka ta ratayawa a wuya, ko 'yar ƙaramar?" Na ce masa maganar ta fi ƙarfin katin wayarsa, ya shigo gida gobe. Da ya zo na fito da su biyun na dire a kan tabarma. Abin da na gaya masa a ranar shi ne zan maimaita a nan, da ɗan ƙari.

Ni dai malamin makaranta ne a Kano, hoto sha'awa ce kawai, ban taɓa cin abinci da shi ba. Babbar tawa Canon EOS 600D ce, irin da ake kira DSLR, wato babbar kyamara mai madubi a ciki wadda ake canza wa lensi, gilashin gaban nan. A 2011 ta fito, a Amurka kuma sunanta Rebel T3i, saboda haka in ka ga wannan suna a jikin ta hannu kada ka ɗauka wata daban ce. Ƙaramar kuma Sony RX100 ce, samfurin farko na 2012. Dukansu na hannu na saya. Ba zan faɗi farashi ba, don kafin ka gama karanta wannan dala ta motsa, mai shago ya sake kuɗi.

Abu na farko da na hana ƙanina shi ne kallon lambar megafiksel, wato yawan ɗigogin da ke haɗuwa su zama hoto. Ƙaramar 20 gare ta, babbar 18, da lamba ce ke hoto da ƙaramar ta ci gari. Abin dubawa shi ne girman ɗan faifan da haske ke sauka a kansa a cikin kyamara, wanda masu gyara ke ce wa sensa. Na Canon ɗin milimita 22.3 ne a 14.9. Na Sony milimita 13.2 a 8.8, wato babbar ta kusa ninka ta sau uku a fili. Su kuwa ƙananan kyamarorin nan masu araha da ake kawowa tsaraba, nasu bai wuce milimita shida da 'yan kai a huɗu da rabi ba. Kamar tarar ruwan sama ne: mai baho da mai kofi ba za su tashi da abu ɗaya ba. Da rana tsaka kowa gwani ne. Bambancin sai magariba ta yi, ko a cikin ɗaki, a nan za ka ga hoton ƙaramin sensa ya yi tsaki-tsaki kamar an watsa masa gero. Shi ya sa na ce masa masu arahar nan ya manta da su gaba ɗaya, wayar da ke aljihunsa ta riga ta karɓe musu aiki. In ƙarama ce, to mai sensa irin na RX100, ko ya bari.

Ranar da na san darajar babbar ita ce wata shekara a Hawan Daushe. Na sami wuri kusa da Ƙofar Kudu tun da azahar, rana tana duka, jama'a maƙil, ba ka da ikon matsawa ko taku ɗaya. Na ɗaura doguwar lensi, 55-250, wadda a jikin wannan kyamara take jawo abu kamar milimita 400 (iya girman lambar, iya yadda take kusanto da na nesa). Da aka zo jahi, wani mahayi ya taho a guje, rawaninsa ya soma warwarewa, ya ja linzami dokin ya turje, ƙura ta tashi ta rufe ƙafafunsa. Idona yana cikin tagar leƙe, ina ganin abin kai tsaye, domin a DSLR madubi ne a ciki yake juyo maka da hasken zuwa idonka, ba allo ba. Na danne maɓalli na riƙe. Tana ɗaukar kusan hoto huɗu a daƙiƙa, ka ji tana tas-tas-tas, madubin yana tashi yana komawa. A cikin guda bakwai, ɗaya ya fito yadda nake so: kumfar bakin doki, jan ƙyallen da ke goshinsa, da hannun mahayin a dunƙule sama. Har yau yana manne a bangon falona, baƙi suna tambayar inda na saya.

Wannan hoto ƙaramar ba za ta ba ni shi ba. Iya jawowarta milimita 100 ne, daga inda nake tsaye dokin zai fito kamar ɗan akuya. Ba ta da tagar leƙe, sai allo, kuma allo a ranar Kano ta ƙarfe uku fuskarka kawai zai nuna maka. Tana iya jero hoto goma a daƙiƙa, amma inda ta saita a na farko nan take tsayawa, doki kuwa ba ya jiran kowa. Ga shi in ka kunna ta sai ka ɗan jira lensin ya fito daga cikin jikinta. Babbar kuwa kana juya makunni ta shirya.

To amma Sallah sau biyu ce a shekara. Sauran kwanakin fa?

A nan ne na faɗa wa ƙanina abin da masu shago ba sa faɗa. Jikin 600D da batir ya haura rabin kilo, ka ƙara lensi biyu, caja, jaka. Shekarar farko ko gidan suna zan je sai na saɓa jakar. Shekara ta biyu sai na fara tambayar kaina ko akwai abin ɗauka a can. Shekara ta uku uwargida ta ɗora jakar a saman sif, aka jera mata akwatin zannuwa a kai, ban ma lura ba sai da hutu ya zo. RX100 giram 240 ce. Tana shiga aljihun gaba na kaftani, tare da biro da carbi.

Akwai kuma abin da ba a rubuta shi a takardar kowace kyamara. Ka shiga gidan biki da babbar kyamara a wuya, ka tashi daga ɗan uwa ka koma mai hoto. Ni da aka gayyata ɗaurin auren ɗiyar yayata, haka na wuni ana "mai hoto, zo nan," "mai hoto, ba ka ɗauke mu ba." Wata dattijuwa har da tambayata nawa ne kati uku. Abincina sanyi na ci. Mutane kuma da sun ga baƙin bututun nan ya nufo su sai su sandare, a gyara mayafi, a haɗe rai, kowa ya koma kamar hoton fasfo.

Hajiyarmu ita ce gaba a wannan. In ta hango Canon sai ta ɗaga hannu: "Kai, kawar min da bindigar nan." Shekara da shekaru ba ni da hotonta ko ɗaya da ya yi kama da ita. Wata Juma'a da yamma na same ta a bakin ƙofar ɗakinta tana tsintar shinkafa a faifai, tabarau ya zamo mata kan hanci, hasken la'asar yana shigowa ta gefe ya kwanta a kan yatsunta. Na zauna a kan turmi muna hirar wani maƙwabci da ya tashi, na zaro ƙaramar kamar waya zan duba. Ba ta da madubin da zai yi ƙara, na kuma kashe mata sauti. Lensinta in ba ka jawo ba yana buɗewa har f/1.8, wato yana shan haske sosai, ban bukaci filasha ba. Na ɗauki uku ba ta sani ba. Da na nuna mata daga baya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Au, haka na tsufa?" Ta ce in wanko mata ɗaya. Duk 'yan gidanmu wannan hoton ne a wayoyinsu yanzu.

Ba wai ƙaramar ba ta da nata ba. Wannan f/1.8 ɗin a faɗi kawai yake, kana jawowa zuwa ƙarshe ya koma f/4.9, hasken ya ragu sosai, a cikin ɗaki da dare sai hoto ya girgiza. Jikinta sumul yake ba wurin kamawa, mai gumin hannu ya saka mata igiyar wuyan hannu tun ranar farko. Maɓallanta ƙanana ne, mai manyan yatsu zai yi ta danna biyu a lokaci guda. Samfurin farkon nan ba inda za ka ɗaura mata filasha ta waje. Wanda tagar leƙe ta dame shi ya nemi RX100 III ta 2014, ita an saka mata wata 'yar taga mai fitowa daga sama, sai dai jawowarta ta tsaya a milimita 70.

Batir kuma kowacce da inda ta fi. A takarda an ce Canon tana yin hoto wajen 440 a caji ɗaya, Sony wajen 330. Amma ita Sony da igiyar USB ake cajinta, in an ɗauke wuta sai in jona ta da fawa bank ko a mota. Canon dole ka cire batir ka sa a cajarsa, ka nemi soket mai rai. Wanda ya sayi DSLR ya haɗa da batir na biyu a kasafinsa.

Sai ƙura. Wannan da hannuna na jawo wa kaina. Cikin hunturu na hau Dutsen Dala da sassafe, iska tana kaɗawa, na tsaya a fili na cire lensi na sa wani, bakin kyamarar yana kallon sama. Da na dawo gida duk hoton da ke da sararin sama sai ga ɗigo uku a wuri ɗaya, kamar kashin ƙuda. Ƙura ce ta zauna a kan sensa. Ɗan famfon roba na hura iska ya fitar da biyu, na ukun sai da na kai wa mai gyara. Tun daga nan a cikin mota ko ɗaki nake canza lensi, bakin yana kallon ƙasa, kuma ko da wasa ba na hurawa da baki, yawu ya fi ƙura ɓarna. Ita ƙaramar ba a cire mata lensi, amma kada ka ɗauka ta tsira: lensin da ke fita yana komawa yana iya jan yashi ciki, a nan kuwa gyaran ba na gida ba ne. Tawa a cikin safa mai tsabta take kwana.

Wani abin da ya rage wa DSLR daraja a idon wasu, ni kuma nake ganin alheri ne ga mai ƙaramin ƙarfi: tun 2018 Canon da Nikon suka karkata ga manyan kyamarori marasa madubi, masu kuɗi suna ta sauyawa, tsofaffin DSLR da lensunansu suna ta gangarowa kasuwar 'yan hannu. Wanda ya sayi 600D ko Nikon D3200 ya ƙara da lensin 50mm f/1.8, wanda yana cikin mafi araha, zai ga bayan mutum ya narke ya yi laushi irin na hotunan situdiyo. Lensin 18-55 da ke zuwa da ita ba ya ba ka wannan sosai, shi ya sa wasu ke saya su ce ba su ga bambanci da waya ba. Mai niyyar ya riƙa karɓar aikin biki ko suna, ko mai ɗinki da ke son atamfarta ta fito da kalarta, wannan ce hanyarsa, kuma kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

In ta hannu za ka saya, kada kunya ta hana ka bincike a gaban mai shago. Ka cire lensi ka haska fitilar waya ta cikinsa, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo, danshi ne ya yi masa illa, ka ajiye. Ka ɗauki farin bango a f/22, wato ka tsuke ƙofar hasken lensin sosai, ka faɗaɗa hoton, duk dattin sensa zai bayyana. Ka sa a duba maka adadin hotunan da ta ɗauka tun da aka ƙera ta, kamar yadda ake duba tafiyar mota. Memori kuma kada ka yarda da na kyauta. Wani mai shago ya taɓa haɗa min da wanda aka rubuta gig 64 a jikinsa, yana ta "Malam, wannan ihsani ne." Ashe jabu ne. Hotunan saukar karatun ɗana rabinsu suka ƙi buɗuwa, har yau uwarsa tana tuna min.

Ƙanina ya saurara har na gama, ya ɗauki Canon ya leƙa, ya danna, ya yi murmushi da jin ƙarar. Na san wannan murmushin, ni ma shi ya kai ni. Na tambaye shi tsakani da Allah me zai riƙa ɗauka. Ya ce jariri, da maman jariri, sai in sun je ƙauye. Na ce hannu ɗaya zai riƙe yaro, ɗayan kuma me? Ya yi shiru. Na ba shi aron ƙaramar ya gwada mako biyu, in Sallah ta zo kuma yana son dawaki ya zo ya ɗauki babbar, tana nan saman sif.

An yi suna watanni huɗu ke nan. Kyamarar ba ta dawo ba. Jiya na tura masa saƙo, ya turo min hoton yarinyar tana barci da ɗan yatsa a baki, a ƙasa ya rubuta: "Yaya, nawa za ka bar min?"