Jakar ruwa ta goyo: daɗin sha, wahalar wanki

Ga mai yawon kasuwannin ƙauye a kan babur, irin mu da ke bin hanyar Dakoro da Madarunfa, jakar ruwa ta goyo tana da rana. Tawa mai cin lita 3 ce, a gwanjo na same ta a babbar kasuwar Maradi. Leda ce mai kauri a cikin jakar baya, ga dogon tiyo da ke zagayowa ta kafaɗa. Kana tafe ka ciji bakin tiyon, ruwa ya zo, ba sai ka tsaya ba. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake wuce digiri 40, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai kada a ɗauka salka ce. Salka tana tsattsafowa, iska ta buge ta, ruwa ya yi sanyi. Wannan roba ce, ba ta numfashi. Ruwan da ya tsaya cikin tiyo rana ke dafa shi, shi ya sa nake hura shi ya koma ciki bayan na sha.

Inda aiki yake shi ne wanki. Danshi da ɗumi su ne abincin fumfuna, kuma a cikin tiyo da bakin tsotso take fara tsiro, baƙi-baƙi, inda hannu ba ya kai. Duk ranar da na dawo sai na zubar da ragowar, na ɗauraye da ruwan ɗumi da ɗan sabulu. Ban da tafasasshe, yana lalata robar. Lokaci-lokaci ina zuba cokali 2 na bikarbonat, wato farin garin soda na girki, na cika ta, na ɗaga sama na matse bakin har ruwan ya ratsa tiyon, na bar shi minti 30. In wari ya ƙi fita, ɗan ƙaramin cokali na ruwan jabel, wato maganin nan na faranta tufafi, a cikakkiyar jaka ya isa, sannan a ɗauraye sosai. Kada a kuskura a haɗa jabel da lemun tsami, iska mai guba suke fitarwa. Tiyon kuwa siririn buroshi mai dogon hannu yake so. In babu, a ɗaura ɗan ƙyalle a igiya a ja ta ciki.

Ruwa zalla kawai za a zuba. Wani abokina ya cika tasa da zoɓo mai sukari, har yau tiyonsa ja ne, ga tsami.

Shanya ce ta fi ba ni haushi. Ledar tana mannewa, ciki ya kwana da jiƙa. Ludayi nake cusawa ya buɗe ta, na rataye ta baki ƙasa a inuwa. Da hunturu nan da nan take bushewa, sai dai ƙura. Da damina kuwa sai haƙuri. Masu sa tasu a ɓangaren ƙanƙara na firigo sun huta da fumfuna, in dai wuta ta zauna.

Tawa mai ƙaramin murfi ce, hannu ba ya shiga. Wanda zai saya ya nemi mai faffaɗan baki wadda ake iya juya cikinta waje, kuma in ta gwanjo ce ya haska tiyon a rana tun kafin ya biya kuɗi.