Shagon maƙerin bindiga a bayan garin Houston: aikinsa da abin da doka ta taɓa yi masa

Ga 'yan'uwa da ke zaune a Texas masu fita farautar barewa a watan Nuwamba, akwai wani dattijo Bature da ke gyaran bindiga a ƙaramin shago bayan gidansa, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Houston. Ba zan faɗi sunansa ba don ban nemi izininsa ba, amma aikinsa ya cancanci a yi bayani.

Bindigata ta farauta ce mai cin harsashi .308, kuma dukan da take yi wa kafaɗa ya fara damuna. Na kai masa don ya yanka tiredi (zaren da ake murɗa noti a kai) a bakin bututun, ya ɗaura ƙarfen da ke rage dukan, ya kuma duba kunamar, wadda ta yi tauri. Ya karɓi dala 150 na yankan, kunamar kuwa ya ce kyauta. Tiredin ya fita tsaf, ƙarfen ya zauna ba karkata, kuma da na gwada a nisan yadi 100 harsasan sun taru waje ɗaya fiye da da. Kunamar ta yi laushi ba tare da ta zama mai haɗari ba, wanda shi ne abin da na fi tsoro tun da farko.

Aibinsa jinkiri. Shi kaɗai ne, ba ya amsa waya idan injin yana aiki, kuma duk wanda ya kai bindiga a Oktoba to sai dai ya yi farautar baɗi da ita. A kai tun bazara. Ba ya karɓar kati kuma, sai kuɗi a hannu ko cak.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne, wannan aikin da ya yi mini, shekaru kusan huɗu ya daina yin sa. A watan Yulin 2016 ofishin da ke kula da cinikin makamai a Ma'aikatar Harkokin Wajen Amurka ya fitar da bayani cewa yanka tiredi a bakin bututu, ko sauya ramin harsashi da inji, ƙera makami ne. Duk mai yin haka dole ya yi rajista ƙarƙashin dokar ITAR, wato dokar fitar da makamai zuwa ƙasashen waje, ya biya dala 2,250 kowace shekara, ko da bai taɓa sayar wa wata ƙasa ko ƙusa ɗaya ba. A gwada wannan da lasisinsa na tarayya na sana'ar bindiga, wanda ake sabuntawa a kan dala 90 duk shekara uku. Mutumin da ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, ina zai samo wannan? Ya rufe injin da tampol, ya koma wanke bindigogi da ɗaura madubin saiti. Wallahi abin ya ba ni haushi da na ji, domin doka ce ta fitar da kaya waje aka jibga wa wanda kwastomominsa duk maƙwabtansa ne.

Ranar 9 ga Maris 2020 wani gyara da aka yi wa dokar ya fara aiki. Aka ɗauke yawancin bindigogin farar hula da harsasansu daga hannun Ma'aikatar Harkokin Waje zuwa Ma'aikatar Kasuwanci, kuɗin rajistar ya faɗi daga kan irinsa. Bindigogi masu sarrafa kansu da na'urar kashe ƙara kuwa aka bar su a ƙarƙashin ITAR.

Ta wannan ɓangaren na goyi bayan gyaran ɗari bisa ɗari. Ɗaya ɓangaren ne bai kwanta mini ba, ni da ke da dangi a Zamfara na san abin da bindiga a hannun banza ke yi. Da komawar bindigogin hannun Ma'aikatar Kasuwanci, Majalisar Dokokin Amurka ta daina samun sanarwar da ake ba ta a kan cinikin bindigogi na dala miliyan ɗaya zuwa sama. A 2024 gwamnatin Biden ta tsaurara, ta ware ƙasashe 36, har da Najeriya da Nijar da Chadi, inda aka ce a ƙi ba da lasisin sayarwa ga waɗanda ba gwamnati ba sai da ƙwaƙƙwaran dalili. A ƙarshen Satumban 2025 gwamnatin Trump ta soke wannan. Ni a ganina ana iya sauke wa ƙaramin maƙeri kaya ba tare da an sassauta wa manyan dillalai ba.

Shi kansa dattijon ba ya wasa da wannan. A gabana wani ya tambaye shi madubin saiti zai saka a jaka ya kai wa ɗan'uwansa a wata ƙasa. Ya ce masa irin wannan kayan na iya buƙatar lasisin Ma'aikatar Kasuwanci, kuma shi ba zai sayar ba sai ya ga takarda. Mutumin ya fita yana gunaguni.

Wanda ke da lasisin farauta kuma ba ya gaggawa, ya kai masa aikin inji. Mai son wanki kawai, manyan shaguna sun fi sauri.