Lambun Azhar na Alƙahira da Millennium Park na Abuja, ina bambancin yake?

Salamu alaikum ɗan uwa, na ga tambayarka, ka ce an gaya maka Millennium Park na Abuja da lambun Azhar na Alƙahira kusan girmansu ɗaya, to me ya sa ɗaliban da suka dawo daga Masar ba sa gajiya da zancen nasu, mu kuma namu sai da sallah ake tunawa da shi. Maganar girma gaskiya ce, na Abuja hekta 32 ne, na Azhar wajen hekta 30, kuma kusan sa'annin juna ne, namu an buɗe shi 4 ga Disamba 2003, nasu kuma 2005. Na shiga duka biyun, bari in faɗa maka abin da idona ya gani.

Namu tun a takarda aka ware masa fili, tunda Abuja ɗin kanta zana ta aka yi kafin a gina. Wani ɗan Italiya mai suna Manfredi Nicoletti ya tsara shi, Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe shi lokacin taron ƙasashe renon Ingila zamanin Obasanjo. Rafi ya raba shi biyu, ɓangare ɗaya an bar shi kamar daji da bishiyoyinsa, ɗayan kuma doguwar hanya ce miƙaƙƙiya da famfunan feshin ruwa a jere irin salon lambunan Italiya. Wurin na da kyau wallahi, ga inuwa ga ciyawa, ka shimfiɗa darduma ka buɗe kula yara su yi ta guje-guje.

Shi kuwa na Azhar asalinsa bola ce fa. Juji ne da mutanen tsohon birni suka yi shekara wajen 500 suna zuba shara da ɓaraguzan gini har ya zama tsauni, iska na kwasar ƙura tana watsa wa unguwar Darbul Ahmar da ke gindinsa. A 1984 Aga Khan, shugaban 'yan Shi'a Isma'iliyya na lokacin, ya yi alkawarin yi wa birnin kyautar lambu, gidauniyarsa ta kashe kusan dala miliyan 30, aka yi shekaru tifofi na kwashe tarkace, aka kawo ƙasa mai kyau aka zuba saboda ta wurin gishiri ya cinye ta, har manyan tankunan ruwan sha guda 3 na birnin suna binne a ƙarƙashin lambun, mutum na tafe a kai bai sani ba. Abin da ya fi taɓa min zuciya, ana cikin tono sai ga ganuwar zamanin Salahuddin Ayyubi ta fito, tsawonta wajen kilomita ɗaya da rabi, shara ta binne ta. Ba su rushe ta ba, gyara ta suka yi, suka koya wa matasan unguwar aikin dutse da kafinta, aka gyara tsofaffin masallatai da gidaje, aka ba masu ƙananan sana'o'i rance. Da la'asar in ka hau can sama ka hango masallacin Muhammad Ali, tsohon mai mulkin Masar, da hasumiyoyi ba iyaka, ana kiran magariba ta ko'ina, to shi ne abin da ɗaliban nan suke kewa.

Ni a ganina bambancin ba a furanni yake ba, a inda aka ajiye lambun yake. Na Azhar yana tsakiyar cunkoso, inda mutum ke kwana a ɗaki ɗaya da iyalinsa ba tsakar gida ba bishiya, da ƙafa ma zai iya zuwa. Namu yana Maitama, unguwar da kusan kowane gida ke da nasa lambun, talakan da ya fi buƙatarsa yana Nyanya ko Mararaba ko Kubwa, sai ya biya mota zuwa da dawowa shi da mata da yara, acaɓa ma an hana ta shiga tsakiyar gari tun 2006. Shi ya sa ranar aiki za ka gan shi shiru, ranar sallah da kirsimeti kuwa ba masaka tsinke.

Amma kar in yi son kai, akwai inda namu ya fi. Na Azhar sai ka yanki tikiti a ƙofa, da kuɗin ake kula da wurin shi ya sa yake tsaf, sai dai mai 'ya'ya shida dole ya yi lissafi kafin ya shiga. Millennium ban taɓa biyan ko sisi a ƙofarsa ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Duk sanda na bi ta gefen badala a Kano na ga ana cike kududdufi da shara ana yanka filoti, ganuwar nan ta Salahuddin nake tunawa, raina ya yi ta ɓaci. In Allah ya kai ka Alƙahira ka shiga ta titin Salah Salim bayan la'asar, ka gangara ta wajen ganuwar ka ga unguwar da idonka, kar ka tsaya wajen ɗaukar hoto kawai.